Yadda Ake Neman Ƙwararren Likitan Dasashi a Yankin da Kake Zaune

Ranar da aka cire wa yayana turmi, sai ya nemi a ba shi haƙorin ya gani. Aka miƙa masa a kan auduga, ya juya shi gaba da baya. Babu kogo, babu baƙi, ko ɗan tsagewa babu. Ya dubi likitan ya ce, "Likita, wannan ai lafiyarsa ƙalau, me ya sa ya kama girgiɗi?" Likitan ya ce, "Malam, haƙorin bai yi komai ba, abin da ke riƙe da shi ne ya ƙare." Shekara da shekaru Yaya yana tofar da jini in ya goge baki, yana ɗora laifin a kan buroshi, ya sauya wannan ya sayi wancan. Tunda babu zafi, bai taɓa ɗaukar abin a matsayin ciwo ba. A ranar ne muka ji cewa akwai likitocin da ba su da wani aiki sai dasashi da ƙashin da haƙora ke tsaye a cikinsa, kuma a ranar muka fara nema domin a ceci sauran haƙoran.

Ba Yaya kaɗai ba ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa ciwon dasashi mai tsanani yana tare da kusan kashi 19 cikin 100 na manyan mutane a duniya, wato sama da mutum biliyan 1. Ƙwararrun fannin kuwa 'yan kaɗan ne, kuma sun fi taruwa a manyan birane. Don haka neman yana son tsari. Ga yadda ake bin sa.

Mataki na 1: Ka fara sanin irin ciwon da kake nemar wa magani

Ciwon dasashi hawa biyu ne. Na farko kumburi ne kawai. Wata dauɗa mai yauƙi, cike da ƙwayoyin cuta, tana taruwa a inda haƙori ya haɗu da dasashi. Dasashin sai ya yi ja, ya ɗan tasa, ya riƙa jini da an taɓa shi. A wannan hawa babu abin da aka rasa tukuna. Tun a 1965 wani likita mai suna Harald Löe da abokan aikinsa suka gwada haka a ƙasar Denmak: suka sa mutane masu lafiyayyen dasashi su daina goge baki, cikin kwana 10 zuwa 21 dasashinsu ya kumbura, da suka koma gogewa kuma ya warke cikin kimanin mako guda. Mai irin wannan ba ya buƙatar ƙwararre. Wankin haƙori a wajen kowane likitan haƙori, da gyara yadda ake goge baki, sun wadatar.

Hawa na biyu shi ne abin tsoro. Dauɗar ta daskare ta zama kamar tsakuwa, ta gangara ƙarƙashin dasashi. Jiki yana yaƙi da ƙwayoyin cutar, a garin yaƙin kuma zaruruwan da suka ɗaure haƙori da ƙashi suna tsinkewa, ƙashin muƙamuƙi yana zaizayewa. Sai rami ya buɗe tsakanin haƙori da dasashi, wanda likitoci ke kira aljihu. Da ma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: buroshi ba ya kai wa ƙasan aljihun, ƙwayoyin cuta suna samun mafaka, aljihun yana ƙara zurfi. Ƙashin da ya tafi ba ya dawowa da kansa.

Alamomin da za su sa ka yi zargin ka kai wannan hawa su ne warin baki da ba ya jin man goge baki, haƙora su yi kamar sun ƙara tsawo saboda dasashi ya janye, wushiryar da ba a haife ka da ita ba ta fara buɗewa, haƙori yana motsi in ka tura shi da harshe, mugunya tana fitowa in ka matsa dasashi, ko ka ji haƙoran sama da na ƙasa ba sa haɗuwa yadda suka saba. Mai shan sigari ya ƙara kula, domin sigari tana matse ƙananan hanyoyin jini, sai dasashinsa ya ƙi yin jini alhali ciwon yana cinsa a ɓoye.

Akwai halin da ba a tsayawa neman ƙwararre. In kumburi ya bazu zuwa fuska ko wuya, ga zazzaɓi, ko haɗiya da numfashi suna wahala, a nufi sashen gaggawa na asibiti a ranar. Gyambon baki da ya kai mako 3 bai warke ba, da jinin dasashi mai zuwa haka kawai tare da kasala da tabon jini a fata, su ma likita ya gani da wuri, domin suna iya zama alamar wata cuta daban.

Mataki na 2: Ka je wajen likitan haƙori na kusa, ka ce a auna maka dasashi

Wannan matakin shi ne ginshiƙin duk sauran, don haka zan ɗan daɗe a kansa.

Ba a gane zurfin ciwon dasashi da kallo. Ana auna shi ne da wani siririn ƙarfe mai dakusasshen baki, wanda aka zana wa layukan milimita. Likita yana zura shi a hankali tsakanin haƙori da dasashi har ya tsaya, ya karanta lambar. Milimita 1 zuwa 3 ba tare da jini ba, lafiya ke nan. Daga 4 an fara samun aljihu. Daga 6 zuwa sama aljihu ne mai zurfi, wanda wankin haƙori na yau da kullum ba ya isa gare shi. A cikakken awo ana gwada wuri 6 a jikin kowane haƙori, uku ta waje uku ta ciki. Mai haƙori 28 ke nan za a rubuta masa lamba 168.

Na zauna a gefe ranar da aka yi wa Yaya nasa. Likitar tana sunkuye a kansa tana kiran lambobi, mai taimaka mata tana rubutawa: "Uku, biyu, uku. Uku, uku, biyar, da jini. Bakwai, da jini." Ɗakin shiru, ba ka jin komai sai lambobin. Da aka gama sai ta juyo da takardar ta nuna masa wuraren da aka yi wa ja, ta ɗora hoton ƙashin a gefe ta ce, "Baba, dubi nan. Ƙashin ya kamata ya kai nan wurin, ga inda ya tsaya yanzu." Wannan ne karo na farko da ya ga ciwonsa da idonsa, kuma daga ranar bai sake cewa laifin buroshi ne ba.

Likitoci da yawa suna fara yin gajeren awo na tantancewa, inda ake raba baki kashi 6 a ba kowane kashi lamba daga 0 zuwa 4. In an ce maka kana da 3 ko 4 a wani kashi, ana bukatar awo mai zurfi, da hoton ƙashi in likita ya ga dacewarsa.

Ba kowane mai aljihu ake turawa gaba ba. Likitan haƙori na gama-gari, tare da ma'aikatan da aka horar kan tsaftace dasashi, suna iya kula da ciwon da bai yi nisa ba. Ka nemi a tura ka wajen ƙwararre in ɗaya daga cikin waɗannan ya same ka: aljihuna masu milimita 6 ko fiye a wurare da dama, haƙori ya riga ya fita ko yana girgiɗi saboda dasashi, ciwon ya kai mararrabar saiwoyin turmi, an yi maka aikin tsaftacewa amma awon bai sauya ba, kana matashi amma ƙashi ya ci sosai, dasashi ya janye har saiwa ta fito fili, kana da ciwon suga da bai daidaita ba, ko kuma kumburin yana kewaye da haƙorin da aka dasa maka.

Kafin ka fita, ka roƙi abu uku: takardar turawa, kwafin takardar awo, da kwafin hotunan ƙashin. Bayanan lafiyarka ne, kada ka ji nauyin tambaya. Za su rage maka maimaita hoto, kuma ƙwararren zai ga daga inda aka taso. Sannan ka yi wa likitan tambayar da ta fi kowace amfani: "Likita, da mahaifinka ne yake da wannan bakin, wajen wa za ka kai shi?"

Mataki na 3: Ka san sunan abin da kake nema

In za ka bincika a intanet ko ka tambaya a asibiti, kalmar da ke rubuce a rajista da allunan asibitoci ita ce "periodontist" a Turanci, "parodontiste" a Faransanci. Likitan haƙori ne da ya gama karatunsa na farko, sannan ya ƙara horo na musamman a kan dasashi, ƙashin muƙamuƙi da dashen haƙori. A Amurka da Birtaniya da Indiya horon yawanci shekara 3 ne. A Afirka ta Kudu an haɗa fannin da na cututtukan cikin baki a ƙwarewa guda. A Afirka ta Yamma ana samun shaidar ƙwarewar ta hanyar kwalejojin horar da manyan likitoci, irin su Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma, wadda ke da sashen haƙori.

Ka bambance "ƙwararre" da "mai sha'awar fannin". Likita yana iya halartar kwas na 'yan kwanaki ya rataye takardar a bango, wannan bai mai da shi ƙwararre ba. A Birtaniya, misali, doka ba ta yarda likitan haƙori ya kira kansa ƙwararre ba sai sunansa yana cikin jerin ƙwararru na GDC, hukumar da ke yi wa likitocin haƙori rajista a can. A wasu ƙasashen kuma doka ba ta ware fannin dasashi a matsayin ƙwarewa mai zaman kanta ba, a can abin da za ka duba shi ne digirin gaba da na farko a fannin, da jami'ar da ta bayar.

Mataki na 4: Inda ake samun sunaye

Hanya mafi sauƙi ita ce wadda ka riga ka bi, bakin likitan haƙorinka. Ya san wanda yake dawo masa da majiyyata da sakamako mai kyau. Amma kada ka tsaya a suna ɗaya, ka tara uku in za su samu.

Ta biyu ita ce hukumar da ke yi wa likitocin haƙori rajista a ƙasarka. Kowace ƙasa tana da tata: GDC a Birtaniya, HPCSA a Afirka ta Kudu, MDCN a Najeriya, a Amurka kuwa kowace jiha da hukumarta. Wasu suna da shafin da za ka rubuta suna ko gari ka gani nan take, wasu sai ka rubuta musu ko ka je ofishinsu.

Ta uku, ƙungiyoyin likitocin dasashi. Ta Amurka, AAP, an kafa ta tun 1914, kuma likitoci mata biyu ne suka jagoranci kafa ta, Gillette Hayden da Grace Rogers Spalding. A shafinta akwai wurin neman likita da sunan gari. Tarayyar Turai ta fannin, EFP, wadda aka kafa a 1991, tana da jerin ƙungiyoyin ƙasashe da ke ƙarƙashinta, har da wasu na wajen Turai. Sai dai ka lura, ƙungiyoyi da yawa suna karɓar duk likitan da ke sha'awar fannin, don haka zama mamba ba shi ne shaidar ƙwarewa ba. Wurin samun suna ne, tantancewa tana gaba.

Ta huɗu, kuma a ganina ita ce mutane suka fi mantawa da ita alhali ta fi tabbas: asibitin koyarwa mai makarantar likitocin haƙori. Duk makarantar da ke yaye likitocin haƙori dole ta koyar da fannin dasashi, don haka akwai masu koyar da shi a can. In yankinku yana da ƙwararre guda ɗaya tak, mai yiwuwa a can yake. Gaskiya akwai layi, ganin likita yana ɗaukar lokaci, wani aikin kuma likitoci masu neman ƙwarewa ne za su yi a ƙarƙashin kulawar babba. Amma a irin wuraren nan ba a tsallake awo da rubutu, kuma wannan shi ne abin da ciwon dasashi ya fi buƙata. Ko ba za ka yi jinya a can ba, ka kira sashen ka tambayi sunayen waɗanda suka yaye da ke aiki kusa da kai.

In kana da inshorar lafiya, ka nemi jerin likitocin da suke hulɗa da su, ka kuma tambaya ko sai da takardar turawa suke biya. Likitan da ke duba ka a kan ciwon suga ma yana iya sanin wani. Akwai kuma ƙwararrun da ke zagaya asibitoci, su zo wani gari sau ɗaya ko biyu a wata, kuma sau da yawa ba a rubuta sunansu a allo. Matambayi ba ya ɓata: ka tambayi asibitocin haƙori na kusa ko akwai mai zuwa musu.

Taswirar waya da taurarin yabo da mutane ke bayarwa fa? Suna da amfani wajen sanin nisa da lokacin buɗewa, da ko ma'aikatan suna da fara'a. Ba sa gaya maka ko aljihun wani ya ragu daga milimita 7 zuwa 4, domin mai rubuta yabon ma sau da yawa bai sani ba.

Mataki na 5: Ka tantance

Wannan ba ya ɗaukar lokaci. Ka duba cikakken sunan likitan a rajistar hukuma, ka ga lasisinsa yana aiki, ka ga ko an rubuta masa ƙwarewa a fannin dasashi. In babu rajista a intanet, ka tambayi asibitin kai tsaye inda ya yi horo da shekarar da ya gama. Wanda ya sha wahalar shekarun nan ba ya jin haushin a tambaye shi. In aka fara yi maka kwana-kwana, ka goge sunan.

Mataki na 6: Ka kira kafin ka je

Ka tambayi mai ɗaukar waya: Shi ƙwararren da kansa zai duba ni a zuwan farko? Minti nawa ake ware wa sabon majiyyaci? Ana yin cikakken awon dasashi a ranar? Za ku karɓi hotunan da na zo da su? Za a ba ni tsarin jinya da kuɗinsa a rubuce kafin a fara? In na sami kumburi ko zubar jini bayan aiki, wa zan kira?

Ka riƙe amsar tambaya ta biyu da kyau. Lamba 168 ba ta rubutuwa cikin minti biyar.

Sai maganar nisa. Jinyar dasashi ba zuwa ɗaya ba ce. Za ka je dubawa, ka koma aiki sau ɗaya ko fiye, ka koma a sake awo, sannan ka riƙa komawa har iya rayuwa. In likitoci biyu sun yi kunnen doki a ƙwarewa, ka ɗauki wanda za ka iya zuwa wajensa ba tare da ka kashe yini guda a hanya ba. Na ga mutanen da suka fara da zafi a wuri mai nisa, bayan zuwa biyu suka yanke ƙafa, aikin ya tashi a banza.

Mataki na 7: Abin da za ka riƙe a hannu

Bayan takardu ukun nan, ka tafi da kwalayen duk magungunan da kake sha, kada ka dogara da tunawa. Wasu magungunan hawan jini irin su amlodifin da nifedifin, da maganin farfaɗiya fenitoyin, da saikulosforin da ake ba waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, suna iya sa dasashi ya yi kauri ya hau kan haƙora. Masu tsinka jini irin su wafarin suna shafar yadda za a tsara aiki. Wasu magungunan ƙarfafa ƙashi kuma suna sa a yi taka-tsantsan da tiyata a muƙamuƙi. Kada ka daina shan ko ɗaya da kanka, ka dai nuna.

Mai ciwon suga ya tafi da sakamakon gwajin HbA1c na baya-bayan nan, wato gwajin jinin da ke nuna matsakaicin yawan suga a 'yan watannin da suka wuce. Cututtukan biyu suna ciyar da juna: suga mai yawa yana tsananta ciwon dasashi, kumburin dasashi kuma yana wahalar da daidaita suga. Wani nazari na 2022 daga Cochrane, ƙungiyar da ke tattara sakamakon binciken lafiya, ya nuna jinyar dasashi tana rage HbA1c da kimanin maki 0.4 bayan wata 3 zuwa 4. Mace mai ciki ta faɗa tun farko. In kana shan sigari, ka faɗi adadin kara na gaskiya. In iyayenka ko 'yan'uwanka sun zubar da haƙora da wuri, wannan ma labari ne da likita yake so ya ji. Ka ɗauki buroshinka ma, zai so ya ga yadda kake amfani da shi.

Mataki na 8: A zuwan farko, kai ma kana duba likitan

A 2017 ƙungiyoyin AAP da EFP suka yi taro a Chicago suka fitar da tsarin rarraba ciwon da ake amfani da shi yanzu. Ana ba ciwon matsayi daga 1 zuwa 4 gwargwadon ɓarnar da ya riga ya yi, sannan a ba shi aji A, B ko C gwargwadon saurin da yake ci. Wanda ya rasa haƙori 5 ko fiye saboda dasashi yana matsayi na 4. Shan kara 10 na sigari ko fiye a rana, ko HbA1c na 7 zuwa sama ga mai ciwon suga, suna tura mutum aji C. Ƙwararre na gaske zai iya gaya maka matsayinka da ajinka, ya kuma bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya: wannan zai tsaya, wannan akwai shakka, wannan ba shi da rabo.

Daga nan sai tsarin jinya, kuma a nan ne za ka fi gane wanda ka samu. Ƙa'idojin da EFP ta fitar a 2020 sun jera aikin hawa-hawa. Hawan farko naka ne: a koya maka goge baki yadda ya dace, a auna maka girman ƙananan buroshin shiga tsakanin haƙora, a wanke dauɗar da ke sama, a yi maganar sigari da suga. Na biyu, a tsaftace saiwoyin a ƙarƙashin dasashi, galibi da allurar kashe zafi. Sai a jira, yawanci wata 2 zuwa 3, a sake cikakken awo a kwatanta da na farko. Abin da ake so shi ne kada a bar aljihun da ya wuce milimita 4 yana jini, kada kuma a bar mai milimita 6 ko fiye. Inda ya ƙi rufewa ne ake maganar hawa na uku, wato a maimaita tsaftacewa ko a yi tiyata. Na huɗu shi ne kulawar dindindin, komawa duk wata 3 zuwa 12 gwargwadon haɗarin da mutum yake ciki.

Da wannan a ranka, ga abubuwan da za su sa ka ja da baya. Wanda ya yanke maka tiyata bai zura ma'auni a bakinka ba. Wanda ya rubuta maka maganin kashe ƙwayoyin cuta da ruwan kuskure baki ya sallame ka, alhali ƙa'idojin ba su yarda a riƙa ba kowa irin maganin ba, kuma ƙwaya ba ta kankare daskararriyar dauɗa. Wanda ya yi maka alkawarin wata na'ura za ta warkar da kai a zama ɗaya, ko ya ce duk ƙashin zai dawo. Akwai tiyatar da ke maido da wani ɓangare na ƙashi a irin ramukan da suke da zurfi kuma matsattsu, amma ba kowane wuri take yi ba, kuma likitan kirki zai nuna maka a hoto inda za ta yi da inda ba za ta yi ba.

Wanda ya fi damuna shi ne mai gaggawar cewa a cire duka a dasa sababbi. Dashe yana da wurinsa, kuma likitocin dasashi suna cikin waɗanda suka fi iya shi. Amma ƙwayoyin cutar da suka ci ƙashin da ke kewaye da haƙorinka suna iya cin wanda ke kewaye da dasasshen, kuma mai tarihin ciwon dasashi ya fi shiga wannan haɗari. Dole a kwantar da ciwon tukuna. Haƙorin da aka cire ba ya komawa, don haka duk lokacin da aka ce a cire da yawa, ka karɓi takardunka ka je ka ji ta bakin likita na biyu. Wannan ne amfanin sunaye ukun da ka tara.

Kada ka tsorata in bayan aiki dasashi ya ɗan janye, haƙora suna tsami da ruwan sanyi, ko 'yan ramuka sun bayyana tsakaninsu. Kumburi ne ya sace, abin da yake ɓoyewa ya fito. Likita mai kula zai gaya maka haka tun kafin ya fara.

Mataki na 9: In babu ƙwararre a yankinku gaba ɗaya

Wannan shi ne halin da mutane da yawa suke ciki, kuma ba dalilin naɗe hannu ba ne. Hawa na farko da na biyu na jinyar, waɗanda su ne mafi yawan aikin, likitan haƙori na gama-gari mai natsuwa zai iya yin su. Ka nemi wanda yake da ma'auni kuma yake rubuta awo, ku fara. Ka yi tafiya ɗaya zuwa wajen ƙwararre, ko da nisa, ya duba ka ya rubuta tsari, ka kawo wa likitanka na gida ya bi. Wasu ƙwararrun suna yarda likitanka ya aika musu hotuna da takardar awo su ba da shawara ba tare da ka je ba. In an zo maganar tiyata sai ka sake tafiya, kulawar bayan nan kuma a ci gaba da ita a kusa.

Haka muka yi da Yaya daga baya, da zirga-zirgar ta yi masa yawa. Ƙwararriyar da muka samu ta rubuta wa likitan da ke kusa da shi wasiƙa, ta lissafa haƙoran da za a sa wa ido. Yanzu duk wata 3 yana zuwa a tsaftace masa, sau ɗaya a shekara a yi cikakken awo a aika mata. Takardun suna cikin wani fayil da yake ajiyewa tare da katin asibitinsa, na farko a ƙasa, na baya-bayan nan a sama. Wurin nan da aka kira "bakwai, da jini" a ranar farko, a awon baya-bayan nan, huɗu aka rubuta, babu jan alama a gefensa.